Sunan Aro a Ƙasar Waje: A San Ma'anarsa, Kuma Kada Ya Shiga Takarda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da iyaye da ɗalibai a kan wani abu da ake rainawa, alhali yana cin kuɗi da lokaci, wani sa'in har gurbin karatu yake ci. Maganar suna ce. Duk shekara, tsakanin watan Agusta da Oktoba, yara daga Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birni suna tashi zuwa Ingila, Amurka, Kanada, Sin, Masar, Turkiyya da Indiya. Ba a cika wata uku ba sai a ji Haruna ya koma Harry, Jamila ta koma Jenny, Kabiru ya koma Kevin. Wani shi ya zaɓa da kansa, wani malamin aji ne ya laƙaba masa don harshensa ya gaza, wani kuma dillalin da ya nema masa makaranta ne ya ce hakan zai sauƙaƙa masa zama.

Abin da muke so a rarrabe tun farko shi ne sunan kira da sunan takarda. Sunan kira shi ne wanda abokai ke kiran mutum da shi a aji ko a filin ƙwallo. Sunan takarda shi ne wanda ke kan fasfo da biza da shaidar digiri. Na farko ana iya tattaunawa a kansa. Na biyu ba a wasa da shi ko da harafi ɗaya.

Bahaushe dama bai taɓa zama da suna ɗaya ba. Ranar bakwai ake raɗa sunan yanka, amma kafin yaro ya yi wayo ya tara wasu. Akwai na rana: Ɗanladi da Ladi, Ɗantala da Talatu, Balarabe da Laraba, Ɗanlami da Lami, Ɗanjuma da Jummai, Ɗan'asabe da Asabe. Akwai na yanayin haihuwa: Tanko ga namijin da ya biyo bayan mata, Kande ko Delu ga macen da ta biyo bayan maza, Gambo ga mai bin tagwaye, Cindo ga mai yatsu shida, Ajuji da Ayashe ga 'ya'yan da aka samu bayan wabi. Akwai na lissafi, daga Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u har zuwa Ashiru, na goma ke nan. Sai laƙabin da ke tafiya da sunan yanka: Abubakar shi ne Garba ko Sadik, Umaru shi ne Faruk ko Sanda, Aliyu shi ne Haidar, Usman shi ne Shehu, Yusuf shi ne Maitama, A'isha ita ce Indo ko Humaira, Hauwa ita ce Kulu ko Jidda, Fatima ita ce Binta ko Zahra. Ga kuma alkunya, inda ake ce wa yaro Abba ko Baffa, yarinya Ummi ko Walida, don ba a iya kama sunan mahaifi ko suruki. Wanda yake da wannan rumbu a gida, in har sunan yanka ya yi wa baƙi nauyi, ba ya buƙatar ya je aro wurin maƙwabci. Faruk, Zahra, Sadik, Lami, Jidda, Sani: babu Baturen da zai kasa furta ɗaya daga cikinsu.

Ba za mu yi kamar ba mu san abin da ke tura yara ba. Masu cewa in ka je gari ka tarar kowa da jela kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura suna da hujjarsu. A 2004 wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Bertrand da Mullainathan, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago. Takardun da ke ɗauke da sunaye irin su Emily da Greg sun samu kira fiye da masu Lakisha da Jamal da kashi 50 cikin 100, alhali cancantar iri ɗaya ce. A 2019 masu bincike a Jami'ar Oxford sun ba da rahoton irin wannan gwaji a Birtaniya: kashi 24 cikin 100 na masu sunan Turawan ƙasar sun samu amsa mai daɗi, na sauran kuwa kashi 15. Wariyar tana nan, ba ƙirƙira ba ce. Sai dai a duba abin da sunan aro zai iya da wanda ba zai iya ba. Kevin Abdullahi bai ɓoye wa kowa komai ba, sunan mahaifinsa ya riga ya faɗi inda ya fito. Kuma duk aikin da ɗalibi zai yi bisa doka, kamar awa 20 a mako da Birtaniya ke yarje wa ɗaliban digiri lokacin zangon karatu, sai mai aikin ya binciki izininsa, sunan fasfo zai gani. Ribar kaɗan ce.

Zamani ma ya juya. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta bayyana cewa a 2023 Muhammad ne sunan da aka fi raɗa wa jarirai maza a Ingila da Wales, sama da yara 4,600. Sadiq Khan yana riƙe da kujerar magajin garin Landan tun 2016. Amina Mohammed tana Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017. Ahmed Musa ya buga wa Leicester da sunansa, kuma masu sharhin ƙwallo sun koyi faɗinsa. A garuruwa irin su Birmingham da Bradford da Manchester, A'isha da Yusuf da Zainab da Bilal sunaye ne na kullum a rajistar aji.

Mu a Zariya mun daɗe da ganin yadda suna ke tafiya ƙasar waje ya dawo. Likitan farko daga Arewa, Dokta R. A. B. Dikko, a Jami'ar Birmingham ya yi karatu, yana ɗauke da Russell a jerin sunayensa, amma asibitin da ke Kaduna Barau Dikko ake kiransa. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, abokan aikinsa na soja Jack suke ce masa, amma Jack bai taɓa maye gurbin Yakubu a hukumance ba. Wannan shi ne iyakar da muke nufi. Abin ma ba hanya ɗaya yake bi ba, don Hanns Vischer, wanda ya kafa makarantar boko a Nasarawa ta Kano, Ɗan Hausa mutanenmu suka sa masa.

To, idan yaro ya dage sai ya ɗauki sunan Turanci, a zauna da shi a bincika abu uku: asalin sunan, yadda masu harshen ke jin sa a yau, da yadda zai faɗo a kunnen Bahaushe ran da aka dawo gida.

Asali tukuna. Yawancin yara daɗin sauti suke bi, ko sunan ɗan wasa. Calvin daga kalmar Latin ta mai sanƙo ya fito, Cecilia daga makaho, Claudia daga gurgu. Cameron a harshen mutanen tsaunukan Scotland karkataccen hanci ne, Campbell karkataccen baki. Mallory mara sa'a. Dennis yana komawa ga Dionysus, gunkin giya na Girkawa, Diana gunkiyar Rumawa ce, Martin daga Mars, gunkinsu na yaƙi. Christopher ma'anarsa mai ɗauke da Kristi, Natalie da Noel suna nuni da ranar Kirsimeti, sunaye ne masu kyau ga mai wannan addini, amma yaro Musulmi ya kamata ya san abin da yake amsawa. Hukuncin shari'a na malamai ne, a tambaye su. Abin da ya tabbata shi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canja sunaye saboda ma'anarsu: ya mai da Asiya mai ainun da sadi, wadda ke nufin mai saɓo (ba irin sunan matar Fir'auna ba), Jamila, ya mai da Barra Zainab. Ya ce wa kakan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Hazn, wato tsauri, ya koma Sahl, wato sauƙi. Dattijon ya ƙi, jikan kuma ya ce tsaurin bai bar gidansu ba.

Mafi aminci ga mai sunan annabawa ko salihan bayi shi ne takwaransa na can, don mutum ɗaya ake nufi: Yusuf da Joseph, Dauda da David, Haruna da Aaron, Nuhu da Noah, Ishaƙu da Isaac, Zakariya da Zachary, Iliyasu da Elias, Saratu da Sarah, Maryam da Miriam ko Mary, Hauwa da Eve, Hannatu da Hannah, Adamu da Adam. Haruna da ya koma Harry ya yi asara biyu, don Harry daga Henry yake, ba shi da wata dangantaka da Annabi Haruna. 'Yan'uwanmu Hausawa Kiristoci su ma hanyarsu a buɗe take, tunda Bulus shi ne Paul, Bitrus Peter, Yohanna John, Istifanus Stephen, Rahila Rachel, Rifkatu Rebecca. Sai dai su ne suka fi faɗawa tarkon takarda, domin da yake sunan ɗaya ne, sai a rubuta Bulus a sakandare, Paul a fasfo. Jami'in biza bai san haka ba, mutum biyu yake gani.

Na biyu, yadda ake jin sunan a yau, wanda ƙamus ba zai faɗa maka ba. Mildred da Gertrude da Doris sunayen kakanni ne, yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauki ɗaya daga ciki sai an yi mata murmushi. Randy da Dick da Fanny suna da ma'anar batsa a bakin mutanen Ingila. Candy da Cherry ba sa kama da sunan wadda za a ba amanar asibiti ko kotu. Alexa ya zama sunan na'urar Amazon, yara na tsokanar masu shi da ba su umarni. Karen ya zama sunan ba'a a Amurka ga mace mai neman rigima, wannan kafin a zo ga abin da kunnen Bahaushe zai ji idan aka kira 'yar mutane da shi a tsakar gida a Ƙofar Doka. Akwai kuma batun jinsi: Andrea sunan maza ne a Italiya, na mata a Ingila, Jean namiji ne a Faransa. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a tambayi 'yan ƙasar biyu ko uku masu shekaru daban-daban, a ce musu in sun ji sunan wane irin mutum ke faɗo musu a rai, kafin a fara amsa shi.

Namu sunayen ma wasu kan ci karo da harshen wurin, kuma gara yaro ya sani tun yana gida. Fati a kunnen mai Turanci kamar ana zagin mai ƙiba ne, sai ta tsaya a Fatima ko Zahra. Shitu da Anas suna kusa da kalmomin da ba a faɗa a gaban manya. Nura namiji ne a wurinmu, a ƙasashen Larabawa mace za a zata, har a iya rubuta shi a jerin mata. Garba sunan wata rawa ce ta mutanen Gujarat a Indiya. A irin wannan hali uzurin neman sunan kira a fili yake, kuma laƙabin gida ya wadatar. Masu suna Muhammad da ake gutsure wa zuwa Mo, mu dai ba mu ga kyansa ba, alhali kusan kowane Muhammadu yana da Sani ko Bello ko Lawal ko Kabir a gefe.

Yanzu ga inda ake yin kuka, wato takarda. A ɗauki misalin yaro mai sunan yanka Abubakar, ana kiransa Garba, mahaifinsa Muhammadu Sani. A firamare an rubuta Garba Sani. A WAEC, Abubakar S. Mohammed. A JAMB yaron shagon intanet ya juya, ya zama Sani Abubakar. A NIN, Abubakar Muhammad Sani. A banki an ƙara Zaria a ƙarshe, bisa tsohuwar al'adar makarantun boko ta jingina ɗalibi da garinsu, irin wadda ta bar mana Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mutum ɗaya, suna biyar, tun bai bar Kwangila ba. In ya je can ya ƙara Gary a fom ɗin rajista, ya zama shida.

Gyaran yana da tsari, kuma a fara shi aƙalla wata shida kafin tafiya. Iyali su zauna su tsayar da suna uku: sunan yaro, na tsakiya, da wanda zai zauna a gurbin da fom ke kira Surname, su kuma tsayar da rubutu ɗaya. Muhammad, Mohammed, Muhammed da Muhammadu a wurin kwamfuta mutane huɗu ne, Moh'd kuwa ba suna ba ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne a bi rubutun da ke kan takardar da ta fi wuyar canjawa, galibi sakamakon WAEC ko NECO. Daga nan a daidaita NIN a hukumar NIMC, domin Hukumar Shige da Fice daga bayanan NIN take ɗauka, in ba su dace ba fasfo ba zai fito daidai ba. Bayan NIN sai fasfo, sai BVN. Takardar da ta gagara gyaruwa a rufe ta da rantsuwar kotu mai cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne, da sanarwa a jarida, in da hali da wasiƙar makarantar da ta ba da ita. Fasfo mai shafi 64 shekara 10 yake yi, kuskuren da aka bari a ciki zai raka yaro har ya gama digiri na biyu.

Idan fasfo ya fito, a buɗe shafin hoto a dubi layuka biyu na can ƙasa masu alamar <. Su na'ura ke karantawa, kowanne gurbi 44 ne, kuma 39 kawai aka ware wa suna a layin farko. Babu ƙugiya a wurin, babu alamar ɗauri: Ɗanladi zai fito DANLADI, Sa'adatu SAADATU, Mu'azu MUAZU. Wanda ya jera dogayen sunaye huɗu, irin Abdulmumini Muhammad Abdurrahman Sulaiman, ya zarce gurbin, za a datse wani sashe. Yadda sunan ya fito a fasfo haka za a kwafe shi a tikitin jirgi, da rajistar jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL, da takardar gwajin tarin fuka da Birtaniya ke nema, da takardun tabbatar da gurbin karatu, wato CAS na jami'ar Birtaniya da I-20 na Amurka. Masu suna da Abdul su haɗe shi wuri ɗaya. In aka raba Abdul Rahman gida biyu, sai kwamfuta ta ɗauki Rahman a matsayin sunan iyali, a wayi gari ana kiran ɗan Adam da sunan Ubangiji. Kada kuma a bar gurbi ɗaya babu komai, don tsarin bizar Amurka yakan cike wa mai suna ɗaya tal da haruffan FNU, ma'ana ba a san sunan farko ba, kuma haruffan kan bi mutum zuwa sauran takardunsa.

Wani abu da ke ba jami'an waje mamaki shi ne uba da ɗa ba sa raba sunan iyali ɗaya. Uba Sani Lawal, ɗa Abubakar Sani. Idan da asusun uba za a nuna kuɗin makaranta, wanda Birtaniya ke so ya zauna kwana 28 a jere, dole a haɗa da takardar haihuwa mai nuna sunan uban kamar yadda yake a banki, da wasiƙar amincewarsa. 'Yan mata kuma da aure ya same su a tsakiyar karatu, shawararmu su bar sunan mahaifi a takardu. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta ce a kira mutane da iyayensu maza, sannan komawa sunan miji yana raba sakamakon sakandare da shaidar digiri, a yi ta yawon kotu ba dalili.

A can makarantar, jami'o'i da yawa a Ingila da Amurka da Kanada suna da gurbin sunan da ɗalibi ya fi so a kira shi, daban da na hukuma. Nan ne kawai mazaunin sunan aro. Kafin bikin yaye ɗalibai akan nemi kowa ya tabbatar da sunan da za a buga a shaida, a duba shi harafi-harafi da fasfo a hannu, domin bayan an buga canji yana da wuya. Wanda ya dawo da shaida mai suna daban zai gamu da ita a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya wajen tantancewa, da wurin rajistar NYSC, likita kuma a gaban hukumar rajistar likitoci ta MDCN. Masu karatu a Masar, Sudan, Saudiyya, Rasha ko Sin, inda ake rubuta shaida da wasu haruffa, su miƙa wa mai fassara kwafin fasfo, in ba haka ba Usman zai dawo Othman ko Osman, Sani ya dawo Thani. A Sin malamai kan ba baƙon ɗalibi sunan Sinanci, a karɓa a tambayi ma'anarsa, a kuma tabbatar na fasfo yana kan shaida. Mai digiri na biyu ko na uku ya zaɓi suna ɗaya da zai riƙa sa wa maƙalunsa tun daga ta farko, ya buɗe lambar shaidar masu bincike ta ORCID, kyauta ce, don kada ayyukansa su rarrabu tsakanin mutum biyu ran da za a ƙirga su wajen ƙarin girma. Fom ɗin bizar Amurka yana tambayar ko mutum ya taɓa amfani da wani suna, in sunan aro ya taɓa shiga wata takarda a faɗi gaskiya.

Ƙananan yara da ake kai wa makarantun kwana, ko waɗanda suka bi iyaye, su suka fi rauni, don ɗan shekara 10 ba zai iya ce wa malama ta yi kuskure ba. Iyaye su rubuta wa makaranta tun ranar farko sunan da suke so a kira shi da yadda ake furta shi gaɓa-gaɓa: Ru-ƙay-ya, Ha-di-za, Na-si-ru. A koya wa yaron jimla ɗaya da zai bayyana sunansa da ita, misali an haife ni ranar Juma'a shi ya sa ake ce mini Jummai. Kada a matsa a kan ƙ da ɗ da ts, baƙo ba zai iya su a mako ɗaya ba, in ya kamo gaɓoɓin ya isa.

Roƙonmu na ƙarshe gare ku ne 'yan jarida, Malam Edita. Shafin canjin suna da kuke bugawa hujja ce da ake kai wa ofisoshin jakadanci. A sa mai gyara ya gwada kowace sanarwa da takardar rantsuwar da aka kawo kafin a buga, jerin sunaye da rubutunsu, don harafi ɗaya da ya kauce yana mai da sanarwar suna na bakwai. Masu sanarwa kuma su sayi kwafi biyu ko uku, su adana shafin sukutum da sunan jarida da kwanan wata a samansa, kada su yanke ɗan gurbin da sunansu yake.

Wassalam.

Naka,
Wasu malamai da tsofaffin ma'aikatan rajistar ɗalibai,
Samaru, Zariya.